Kwatancen Hanya a Yaba

Ƙarfe tara na dare a Yaba,
an ɗauke wuta, janareton maƙwabta sai tari yake yi.
Daga ni sai kwamfuta, sai guntun burodin Agege.
Morenike ta bar mini aiki kafin ta bi motar Ikorodu:
"Barira, manhajoji uku ne, karanta bayanin kowacce,
gobe ki faɗa mana wadda za mu damƙa wa ɗan aike."

Ɗan aiken nan ba mutum ba ne.
Basirarsa ƙirar hannu ce, ba ya barci, ba ya neman ladan gaɓe,
amma baƙo ne, baƙo kuwa ko da ido makaho ne.
Abin da aka rubuta masa shi ne sandarsa.

Su kuma manhajojin sana'arsu tonon asali:
wane layin rubutu ya haifi wane,
wa ya jingina da wa,
wane zare ne in ka ja shi rigar duka za ta warware.
Ka taɓa ɗaga kai ka dubi wayoyin wuta a Obalende?
To, haka cikin aikinmu yake.

Na buɗe bayanin ta farko.
Shafi bakwai tana yi wa kanta kirari,
ita ce mai sauri, ita ce gagara-badau.
Na nemi misali ɗaya tak, na ɗora ɗan aike a kai,
ko na rantsuwa babu.
Ganga ce, ƙara a waje, ciki fayau.

Ta biyu ta fi ba ni haushi, don da farko na so ta.
Rubutu tsaf, mataki bi da mataki,
sai dai an sauya wa umarnin suna tun bara,
ba wanda ya koma ya gyara takarda.
Na saki ɗan aike, ya ƙwanƙwasa ƙofar da aka toshe,
ya dawo, ya sake, ya dawo, ya sake,
sau arba'in da ɗaya ina ƙirgawa,
daga baya ya ƙago amsa ya miƙo mini da ladabi.

Nan Baba ya faɗo mini a rai.
Ranar da ya sauka Ikko daga Ƙauran Namoda a motar shanu,
takarda ce a aljihunsa, rubutun kawunsa:
"In ka ga bishiyar mangwaro, ka yi dama."
Ashe an sare mangwaron an kafa gidan mai.
Kwana biyu ya yi a gindin gada, takarda na hannunsa, bai yar ba.
Wata mai ƙosai ce ta fid da shi, da ta ce,
"Nan dai na sani, can ban sani ba, tambayi mai faci."

Ta uku ba ta da kwalliya,
har da kuskuren harafi a layin farko.
Amma ta ce: ba ni kaza, in ba ka kaza, ga kamanninsa.
In na gaza, ga irin kukan da zan yi.
Can ƙasa kuma, da kwanan watan jiya-jiya:
"Akwai dangin da ba na gani,
masu shigowa bayan an fara aiki. Kada ka dogara da ni a kansu."

Na daɗe ina kallon layin nan.
Mai ƙosai ce ta dawo cikin baƙaƙe.

Yara suka yi ihu a layi, an kawo wuta.
Na rubuta wa Morenike: ta uku.
Ta tambayi dalili, na ce ta san iyakar saninta.
Burodin ya bushe, haka na ci shi,
na kuma aika musu gyaran harafin nan.